Kyanwa Huɗu, Bango Huɗu

Ranar da Uwar Ɗaki ta mutu, Mai Guga bai yi kuka ba, bai kuma zagi kowa ba, kuma abin da ya tayar wa mutanen layin hankali ke nan. Tsoho ne mai baki. In ka kawo masa riga da dauɗa a wuya, sai ya ba ka tarihin wuyan nan tun daga kan kakanka kafin ya karɓa.

Uwar Ɗaki kyanwarsa ce, ja mai farin ƙirji, shekararta shida a shagon. Shi ya raɗa mata sunan, don ita ke zaɓar tulin wankin da za ta kwanta a kai, kuma ba ta taɓa zaɓar na talaka ba. Kullum da hantsi takan tsallaka titi ta shiga babban siton da ke fuskantar shagon guga, inda aka jibge buhunan fulawa da shinkafa da sukari, ta yi wa mai wurin aikin ɓera, ba ko sannu. Sai ga shi wata safiya ta dawo tana tangaɗi, bakinta na dalala, ta faɗi a gindin teburin guga, taku biyu tsakaninta da kwalin da 'ya'yanta biyar suke ciki. Kwanansu tara a duniya, idanunsu ma ba su gama buɗewa ba.

Mai Guga ya ajiye dutsen gugarsa ya tsallaka. A bakin ƙofar sito, bayan buhu na farko, ya tarar da murfin gwangwani da ragowar kan kifi an barbaɗe shi da wani shuɗin gari.

"Mai sito, wannan fa?"

Mai Sito yana kishingiɗe a kujerarsa, tumbi a gaba, yana sakace haƙori. "Na ɓeraye ne, dattijo."

"Ɓeran gidanku ne ke fitowa cin kan kifi a bakin ƙofa da rana tsaka, daidai inda take wucewa?"

"To ai sau biyu tana yi mini fitsari a buhun sukari. Haba dattijo, kyanwa ce fa, ba mutum ba." Ya tofar da abin da ya sakato. "'Ya'yan kuma ka hutar da kanka ka zuba su a kwata. Ba za su kwana uku ba."

Kai, wani mutumin dai bakinsa ya fi hannunsa mugunta! Mai Guga ya durƙusa, ya naɗe murfin nan a tsohuwar jarida, ya juya. Bai zarce ko'ina ba sai ofishin duba-gari. Washegari suka zo su biyu, suka kwashe duk wani maganin ɓera da ke siton, suka ja wa Mai Sito kunne cewa ranar da aka sake ganin guba kusa da abincin mutane, ranar za a garƙame wurin. 'Yan layi suka ce to, tsoho ya rama, magana ta ƙare. Ba su san shi ba. Wannan share fage ne kawai.

Sai dai kafin ya rama komai, sai da ya tafka nasa kuskuren. Ya sayo madarar shanu ya ɗumama, ya riƙa ɗaukar 'yan kyanwan ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da su rigingine a tafin hannunsa, yadda ya ga matarsa marigayiya tana yi wa jarirai, yana ɗura musu da ƙaramin cokali. Kwana biyu duk suka ɓarke da zawo. Babban cikinsu, wanda ya fi zalama, madara ta riƙa fito masa ta hanci, numfashinsa ya koma kamar ana yaga takarda. A rana ta uku ya mutu. Kwana uku cif, yadda Mai Sito ya faɗa. Mai Guga ya binne shi a bayan shago kusa da uwarsa, ya ɗora alhakin mutuwarsa a kan Mai Sito shi ma, amma a can ƙasan ransa ya san hannun wa ya riƙe cokalin, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai.

'Yarsa, wadda take kawo masa abincin rana daga gidan mijinta, ita ta same shi zaune a gaban kwali ya zabga tagumi.

"Baba, ka tashi mu je wurin likitar dabbobi. Ka iya kwala da hannun riga, ban musa ba, amma wannan ba gugarka ba ce."

"Uwata, ni da na yi renonki?"

"Inna ta yi renona. Kai kana guga."

Likitar wata siririyar mace ce mai tabarau, ba ta kai 'yarsa shekaru ba, amma ta wanke shi tas. Madarar shanu ba ta zama a cikin ɗan kyanwa, in ji ta. Ta ba shi garin madarar da aka yi don su, da sirinji marar allura. Ta nuna masa yadda zai kwantar da su ruf da ciki, kai a ɗan ɗage, kamar suna jikin uwarsu, ya riƙa ɗiga musu a hankali suna haɗiya da kansu. Duk awa uku, ba dare ba rana. Kada ya kuskura ya ba wanda jikinsa ya yi sanyi abinci sai ya ɗumama shi tukuna. In sun gama sha, ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi ya shafa musu ƙasan ciki, don ba sa iya fitsari da kansu sai uwa ta lashe su. Kuma ya auna su kullum. Wanda bai ƙara giram goma a yini ba, akwai matsala.

Mai Guga ya saurara kamar ɗan aji ɗaya. Da suka kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Likita, in na bi duk wannan, za su girma su yi ƙarfi? Ƙarfi na gaske nake nufi."

"In Allah ya so, Baba."

"To madalla," in ji shi, da wata irin murya da ta sa 'yarsa ta waiwayo ta dube shi.

Daga ranar shagon guga ya koma ɗakin reno. Ɗumi dai ba a koya wa mai guga shi. Zai goge tsohon tawul har ya ɗauki zafi, ya kara shi a kumatunsa ya ji ya yi daidai, sannan ya shimfiɗa a kwali. 'Yarsa ta kawo masa ƙaramin sikelin kicin ɗinta. Ya raɗa musu sunaye daga abin da ke gabansa: baƙin shi ne Gawayi, farar Sitaci, mai ɗigo a goshi Maɓalli. Ta huɗun kuwa, 'yar mitsitsiya da zawo ya kusa tafiya da ita, in ka ɗaga ta sai ta langaɓe a hannu, ya ce mata Ƙyalle.

Kowace safiya, in ya gama awo, sai ya ɗauki alli ya rubuta nauyin kowannensu a jikin ƙofar shagon, ta wajen da ke kallon titi, da manyan lambobi. Mai Sito ba zai buɗe sitonsa ba sai ya gani. Masu kawo wanki suna tambaya, shi kuma yana amsawa da ƙarfi yadda za a jiyo a tsallake: "Marayu ne. An ce ba za su kwana uku ba. Yau kwanansu ashirin da ɗaya."

A cikin kwanakin nan ne, yana zaune da sirinji a hannu yana kallon siton, dabarar ta faɗo masa. Ta hagu da sito shagon tela ne. Ta dama mai gyaran takalmi. A benen da ke saman siton wata tsohuwar malamar makaranta ce ke zaune ita kaɗai. Ta baya kuma, bango ɗaya da sito, injin niƙa ne, inda ɓera ke walima dare da rana. Maƙwabta huɗu. Ya sunkuyar da kai ya dubi kwali. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sai ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda bai yi ba tun rasuwar Uwar Ɗaki. In kowane bango ya samu kyanwa, ɓerayen layin nan kaf ina za su nufa? Wuri ɗaya ne ya rage, cike da abinci, ba kyanwa, ba kuma halin sa guba.

Amma fa sai huɗun sun rayu. Uku ba za su yi ba, don in aka bar bango ɗaya a buɗe ta nan ɓera zai tsiyaye. Ita kuwa Ƙyalle sai ta tsaya cak. Kwana biyu lambarta ba ta motsa a jikin ƙofa ba, a na uku ta ragu. In ya kai mata sirinji sai ta kau da kai. Likita ta ce ya rage yawan abin da yake ba ta a lokaci ɗaya, ya ƙara yawan lokutan, kuma kada ɗumi ya rabu da ita. Mai Guga ya sa tela ya ɗinka masa aljihu a cikin singileti, daidai ƙirji, ya saka ta a ciki. Haka yake guga, hannu ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan ƙirji. Duk awa ɗaya ya tsaya ya ɗiga mata ɗigo biyar, shida, yana yi mata magana.

"Sha mana, 'yar banza. Ki mutu ki ba shi gaskiya? Wallahi ba ki isa ba. Haɗiye."

Ya ƙona wa wani ma'aikaci wando a makon nan, abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin. Bai ko ba da haƙuri yadda ya kamata ba.

"Baba," in ji 'yarsa, "mu da ka haifa ma ba mu ga wannan gatan ba."

"Huɗu nake bukata, Uwata. Aiki zan ba ta."

"Aiki ne ya sa kake yi mata waƙa?"

Ya ja tsaki ya ce ta kwashe kwanukanta ta ba shi wuri. Ran nan da la'asar Ƙyalle ta kama bakin sirinji da kanta, ta sa 'yan ƙafafunta tana tattaka masa yatsa tana zuƙa. Tsohon nan ya juya wa titi baya don kada a ga fuskarsa.

Da suka cika mako huɗu ya fara dama musu abincin 'yan kyanwa da madararsu, ruwa-ruwa, a murfi mai faɗi. Suka shiga ciki da ƙafa huɗu, suka fito kamar an tsamo su daga kwata, ya bi su da tsumma yana zagi. A hankali ya riƙa rage ruwan. Ya dafa musu kaza ba gishiri ba albasa, ya zauna yana tsince ƙayar kifi ɗaya-ɗaya da idon nan nasa da ba ya ganin ramin allura. Sau huɗu a yini, kaɗan-kaɗan, ga ruwa mai tsabta a gefe. Ya kai su aka ba su maganin tsutsa, aka yi musu rigakafi. Wata biyar, in ka ga Gawayi sai ka rantse ya shekara: ƙirji faffaɗa, gashi na sheƙi. Ƙyalle ba ta kamo 'yan'uwanta a girma ba, amma ta fi su zafin nama, kuma ita kaɗai ce ba ta da wurin kwana sai kafaɗarsa.

Sannan ya fara rabo. Gawayi ya tafi wurin tela, Maɓalli wurin mai gyaran takalmi, Sitaci ta hau bene wurin malama. Ya ba kowa nasa da sharaɗi: abinci sau uku, ruwa kullum. "Kada wanda ya ce zai bar shi da yunwa wai don ya yi farauta. Mai yunwa bola yake nema, ba ɓera ba. Ku ciyar da shi, sauran aikin a jininsa yake."

Saura bangon baya. Mako biyu yana ɗaga ranar. Yau ya ce tana atishawa, gobe ya ce injin ya cika ƙara. Ɓerayen da aka koro daga bango uku kuwa suka tattara suka koma wurin mai niƙa, siton bai ji komai ba. Wata safiya Mai Sito ya tsaya a bakin ƙofarsa yana miƙa, ya hango shi da Ƙyalle a kafaɗa, ya ɗaga murya: "Dattijo, ashe an samu amarya!" Ya bushe da dariya.

A ranar, kafin azahar, Mai Guga ya kai ta injin niƙa.

Washegari ta dawo. Ta zagayo layin, ta tsallaka titi, ta haye teburin guga fari fat da gari, ta goga masa kai a hannu. Ya mayar da ita. Bayan kwana biyu ta sake dawowa, ya sake mayarwa, mai niƙa yana cewa, "Baba, ko dai ka bar ta? Ni fa ban matsa ba." A karo na uku yana tsaye da kwanon ruwan da yake yayyafa wa kaya. Ta shigo da ɗan kukanta, jela a sama. Ya dubi siton. Ya dube ta. Sai ya watsa mata ruwan nan gaba ɗaya a fuska, ya buga ƙafa a ƙasa, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi wa ko ɓarawo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗiga, tana kallonsa. Ya ɗaga tsintsiya. Ta juya da gudu, kuma ba ta sake tsallako titin ba.

To, daga nan fa abin ya kankama. Wata guda bai cika ba, siton nan ya zama gidan ɓera. In aka ɗaga buhu sai fulawa ta tsiyaye ta ƙasa. Mata suka fara dawo da shinkafa suna nuna masa baƙaƙen ƙwayoyin da ba shinkafa ba. Ya kafa tarko, ɓerayen suka cinye abin da ke kai suka bar masa tarkonsa. Ya samo wata kyanwa daga kasuwa, ya kulle ta a ciki ba abinci wai don ta yi zuciya, ai kuwa ranar da aka buɗe ƙofa ta fice ba ta waiwayo ba. Ya samo ta biyu, Gawayi ya bi ta har ƙarshen layi. Guba kuwa ba dama, ga tsoho a tsallake ya kafa masa ido tun safe har yamma. Tumbin nan ya fara saɓulewa. Mai Guga yana guga yana kallo, kuma ba za a ɓoye ba, daɗi yake ji, daɗi har cikin ƙashinsa.

Ran nan sai ga Mai Sito ya tsallako da ƙafarsa, karo na farko a shekara goma. Ya tsaya a bakin shago yana murza hula a hannu.

"Baba, barka da aiki."

"Yau kuma ni ne Baba?"

"Na yi kuskure. Na sani. Ka taimaka mini da ko guda ɗaya cikin naka, su ne ɓera ke tsoro. Zan ciyar da ita yadda ka ce."

Mai Guga ya hura gawayin dutsensa, ya gwada zafinsa da yatsa mai yawu, ya shimfiɗa hannun riga ya bi ta kansa a hankali har ƙarshe. Sannan ya ɗago.

"Haba mai sito. Kyanwa ce fa, ba mutum ba. Me za ta yi maka?"

"Baba, don Allah."

"Babu. Duba shagon da kyau. Ko ni ban bar wa kaina ba."

Bayan mako shida wata babbar mota ta zo ta kwashe abin da ya rage na buhuna. Aka rufe siton da kwaɗo biyu. Mai Guga ya fito da kujerarsa bakin titi ya kalli lodin tun daga buhun farko har na ƙarshe, bai ko tashi shan ruwa ba. Da motar ta ɓace a kwana, ya shiga ciki ya ɗauko sabon kwali, ya goge tawul ya shimfiɗa, ya gutsuro tsokar kaza ya ƙunsa a takarda. Aiki ya ƙare, zai je ya ɗauko 'yarsa Ƙyalle.

Mai niƙa ya kashe injin da ya gan shi. "Ga ta can, Baba. In za ta bi ka, bismilla. Amma gaskiya zan yi kewarta, ko ɓera ɗaya ban ƙara gani ba."

Tana kan wani tulin buhuna a lungu, ta yi tsawo, ta yi jiki, gari ya rufe mata baya. Mai Guga ya ajiye kwalin, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya buɗe takardar ya miƙa hannu.

"Ƙyalle. Zo, 'yar banza. An gama. Zo mu tafi gida."

Ta gane muryar, wannan ba shakka, don kunnuwanta sun motsa. Ta dube shi. Sai ta kwantar da kunnuwan, ta gantsare baya, ta buɗe baki ta yi masa huci. Da ya matso taku ɗaya, ta yi tsalle ta haye katakon rufi, can inda hannu ba ya kaiwa, ta zauna tana kallon hannunsa na dama, wanda ya ɗaga mata tsintsiya da shi.

Ya daɗe a durƙushe yana kiranta, da sunanta, da zagi, da lallashi. Mata masu jiran niƙa suka fara taruwa a bakin ƙofa da robobinsu, suna leƙe.

"Baba," in ji mai niƙa a hankali, "ka yi haƙuri, zan tayar da inji."

Mai Guga ya ajiye tsokar kazar a kan buhu. Ya dafa bango ya miƙe.

"Sau uku a yini," ya ce. "Kada ka sa mata gishiri."

Ya ɗauki kwalinsa ya ratsa ta tsakanin matan ya fita.